Aji a Falon Gida, Albashi Kwas-Kwas: Malaman Wucin Gadi da ke Koyarwa Kai Tsaye ta Intanet

A watan Janairun 2021, wani ɗalibin Jami'ar Concordia da ke Montreal a ƙasar Kanada ya so ya tura wa malaminsa tambaya. Kwas ne na tarihin zane-zanen Kanada da ake yi ta intanet, kuma laccocin malamin na bidiyo suna burge shi. Da ya shiga neman adireshin imel ɗin malamin, sai ya ci karo da sanarwar mutuwa: Farfesa François-Marc Gagnon ya rasu tun a 2019. Jami'ar ta yi bayanin cewa akwai malami mai rai da aka damƙa wa kwas ɗin, tare da mataimaka masu duba ayyukan ɗalibai, bidiyon kuwa kayan karatu ne kawai.

Labarin ya bazu ne saboda tambayar da ya tayar. Idan ana iya naɗar lacca a ajiye, a yi ta haska ta shekara da shekaru, to mene ne ɗalibi yake biyan kuɗi dominsa? Amsar da jami'o'i da hukumomin ilimi suke bayarwa ita ce: mutum mai rai, wanda za a tambaya ya amsa, ya duba aiki ya nuna kuskure, ya lura da wanda ya yi shiru. A manyan jami'o'in intanet na Amurka, wannan mutumin galibi malamin wucin gadi ne, wanda ake ɗauka zango-zango, ana biyan sa kwas-kwas, ba shi da ofis, ba shi da tabbacin za a sake kiran sa.

Su wane ne waɗannan malamai?

Ƙungiyar malaman jami'o'in Amurka, AAUP, ta fitar da alƙaluman da suka nuna cewa a 2021 kashi 68 cikin 100 na malaman manyan makarantun ƙasar ba su da kujerar dindindin kuma ba sa kan hanyar samun ta. A 1987 kashi 47 ne. Masu aikin rabin lokaci zalla sun tashi daga kashi 33 zuwa 48 a tsakanin waɗannan shekaru. Ke nan kusan rabin masu koyarwa a manyan makarantun Amurka ba cikakkun ma'aikata ba ne.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai mai sana'arsa ta rana, kamar ma'aikaciyar jinya, akanta, lauya ko injiniya, wanda yake ɗaukar kwas ɗaya da dare don sha'awa da ɗan ƙarin kuɗin cefane. Domin irinsu aka ƙirƙiro tsarin tun asali, don ɗalibi ya ji daga bakin wanda yake cikin aikin. Akwai waɗanda suka yi ritaya amma ba su son zaman banza. Sai kuma rukuni na uku: masu digiri na biyu da na uku da suka nemi aikin dindindin ba su samu ba, suka koma harhaɗa kwas biyu a nan, uku a can, har abin ya kai na biyan haya. A da irin waɗannan malamai a mota suke wuni, daga wannan kwaleji zuwa waccan a kan manyan tituna. Yanzu da yawansu daga teburi guda suke zagaya makarantu uku, kowace da manhajarta da lambar sirrinta da ƙa'idojinta.

Yadda aji ya koma allon kwamfuta

Karatu ta intanet ya girmi korona nesa ba kusa ba. Jami'ar Phoenix, wadda John Sperling ya kafa a 1976 domin manya masu aiki, ta fara kwasa-kwasan intanet tun 1989, kuma a 2010 ɗalibanta sun kai kusan 470,000. Amma yawancin karatun wancan zamani na kowa da lokacinsa ne: a ɗora darasi a shafi, ɗalibi ya karanta sa'ad da ya samu sarari, ya rubuta amsa a zauren tattaunawa. Kamfanin 2U, wanda aka kafa a 2008, yana cikin waɗanda suka yi fice wajen tallata wani salon: ƙananan azuzuwa da ake haɗuwa kai tsaye ta bidiyo duk mako, da sunan manyan jami'o'i irin su Jami'ar Kudancin Kaliforniya.

Sai ga watan Maris na 2020. Jami'ar Washington da ke Seattle ce babbar jami'a ta farko a Amurka da ta rufe azuzuwanta saboda annobar, kafin wata ya ƙare kusan kowa ya bi sahu. Kamfanin Zoom ya ce masu shiga taruka a manhajarsa a kullum sun tashi daga miliyan 10 a Disambar 2019 zuwa miliyan 300 a Afrilun 2020. Alƙaluman gwamnatin Amurka sun nuna cewa ɗaliban digirin farko masu yin aƙalla kwas ɗaya daga nesa sun tashi daga kashi 36 a 2019 zuwa 75 a 2020. Da aka buɗe makarantu adadin ya sauko zuwa 61 a 2021, amma bai koma gidan jiya ba.

Akwai kuma dalili na doka da ya ƙara wa malami mai rai daraja. A Amurka, tallafi da bashin karatu na gwamnatin tarayya suna da iyaka a kan makarantun da karatunsu bai wuce na aika takardu ba. Domin a ɗauki kwas a matsayin cikakken karatun nesa, dole ne a samu mu'amala mai ma'ana kuma a kai a kai tsakanin malami da ɗalibi. A 2017 babban mai bincike na ma'aikatar ilimi ya ba da shawarar Jami'ar Western Governors ta mayar da sama da dala miliyan 700, yana mai cewa kwasa-kwasanta da dama ba su cika wannan sharaɗi ba. Ma'aikatar ta ƙi amincewa da shawarar a 2019, amma ta fitar da sabuwar ƙa'ida da ta fara aiki a Yulin 2021, wadda ta fayyace abin da ake nufi: koyarwa kai tsaye, duba aikin ɗalibi da yi masa bayani, amsa tambayoyinsa, jagorantar tattaunawa. Duk waɗannan aikin malami ne. Wato kuɗin gwamnati da ke shiga asusun jami'a ya rataya ne a kan aikin mutumin da jami'ar ba ta ɗauka cikakken ma'aikaci ba.

Awa ɗaya da rabi a gaban kyamara

Yawancin irin waɗannan azuzuwa da dare ake yi, domin ɗaliban ma'aikata ne. Idan malamar tana gabashin Amurka, ƙarfe tara na darenta ƙarfe shida na yamma ne a Kaliforniya, don haka wani ɗalibin ya kwantar da yara, wani kuma bai ma bar wurin aiki ba. Tun kafin lokaci ta zauna: ta gwada makirufo, ta juya fitila don kada fuskarta ta yi duhu, ta rufe ƙofa, ta ja wa mutanen gida kunne kada kowa ya kunna fim ya janye ƙarfin intanet.

Ɗalibai su fara shigowa ɗaya bayan ɗaya. Kaɗan ne suke kunna kyamara, sauran baƙaƙen akwatuna ne ɗauke da sunaye. Wani yana cikin mota a wajen ajiye motoci na wurin aikinsa, wata tana riƙe da jariri, wani kuma sunansa ne kawai a aji, shi yana can wata sabgar. Malamar ta jefa tambaya, a yi tsit. A ajin bulo da siminti shiru yana da fuska: ana ganin mai tunani, ana ganin wanda ya ɓace, ana ganin mai jin kunya. A nan ba ta da abin karantawa sai sunaye. Ga kuma ɗan jinkirin da sauti yake yi kafin ya isa, wanda ke sa mutum biyu su fara magana tare, su yi shiru tare, kowa yana ba ɗan'uwansa hanya. Wani ya yi ta bayani leɓɓansa na motsi ba a jin komai, sai an ce masa ya buɗe makirufonsa.

Ƙwararru a wannan aiki sun koyi dabaru. Ba sa yin magana mai tsawo ba tare da sun tsaya ba. Su jefa ƙuri'ar jin ra'ayi a allo, su ce kowa ya rubuta amsa a akwatin saƙo amma kada ya tura sai an ƙirga uku, don kada na baya ya kwafi na gaba. Su rarraba aji zuwa ƙananan ɗakuna na mutum uku ko huɗu, su riƙa leƙawa ɗaki-ɗaki. Su kira mutum da sunansa, amma su sanar da shi tun da wuri cewa shi ne na gaba. Duk wannan mutum ɗaya ke yi: ita ce mai lacca, ita ce mai gadin ƙofa da ke shigar da wanda ya makara, ita ce mai karanta saƙonni, ita ce makanikiyar wanda sautinsa ya ɗauke. Gadin ƙofar ma ba wasa ba ne. A ƙarshen Maris na 2020 sai da ofishin hukumar FBI na Boston ya yi gargaɗi game da masu kutsawa azuzuwan bidiyo suna watsa batsa da zage-zage, abin da ya sa ɗakin jira da lambar sirri suka zama dole.

Gajiyar da ke biyo baya ba raki ba ne. A 2021 Farfesa Jeremy Bailenson na Jami'ar Stanford ya wallafa bayani a kan dalilanta guda huɗu: yawan kallon ido da ido a kusa-kusa, ganin fuskar kai a allo tsawon lokaci, zama wuri ɗaya ba motsi, da ƙarin wahalar da ƙwaƙwalwa ke sha wajen aikawa da fahimtar alamun jiki. Malamin da ke da aji biyu ko uku a jere a dare guda duk yana kwasar wannan.

Lissafin kuɗin

Wani bincike da gamayyar ƙungiyoyin malamai ta wallafa a 2012 ya gano cewa matsakaicin abin da ake biyan malamin wucin gadi a kwas ɗaya a 2010 dala 2,700 ne. A 2020 ƙungiyar malamai ta AFT ta fitar da rahoto bayan ta ji ta bakin malamai sama da 3,000. Fiye da rabinsu ƙasa da dala 3,500 ake biyan su a kwas. Kusan kashi ɗaya cikin uku ba sa samun dala 25,000 a shekara, kusan kashi ɗaya cikin huɗu suna dogara da tallafin gwamnati, kashi 40 kuma suna fama kafin su biya buƙatun gida na yau da kullum.

Wanda ya mayar da dala 3,500 zuwa naira zai ce ai wannan arziki ne. Amma a Amurka ake kashe ta, inda hayar ɗaki ta wata guda a birane da yawa take haura dala dubu. A ɗauki malamin da ya yi sa'ar samun kwas takwas a shekara, nauyin da ya kai na cikakken malami a makarantu da dama: dala 28,000 ke nan kafin a cire haraji, yawanci ba inshorar lafiya, ba fansho. Kuma kuɗin na kwas ne dungurungum. Awa uku na aji a mako su ake gani. Shirya darasi, makin aikin ɗalibai, amsa imel da tsakar dare, ɗora maki a shafi, zaman horon da makaranta ta wajabta, duk suna ciki. Idan kwas ya ci awa goma a mako har mako 15, dala 3,500 ta koma kimanin dala 23 a awa. Idan ajin na rubutu ne mai ɗalibai talatin, kowa da takardarsa, ta sauka ƙasa da haka.

Dokar inshorar lafiya ta zamanin Obama ta zo da wani abin da ba a zata ba. Ta wajabta wa manyan ma'aikatu su ba da inshora ga duk wanda yake aikin awa 30 a mako. A 2014 hukumar haraji ta ba da hanyar lissafi: kowace awa ta aji a ƙirga ta awa biyu da kwata. Makarantu da dama sai suka ƙayyade yawan kwas ɗin da malami ɗaya zai ɗauka don kada ya kai awa 30. Dokar da aka yi don a kare shi ita ta ƙara tura shi neman makaranta ta biyu da ta uku.

Koyarwa daga gida ta ƙara wani nauyin da ba a cika lissafa shi ba. A da makaranta ce ke da aji da kujeru da wuta da allo. Yanzu malamin ne ke sayen kwamfuta da kyamara, shi ke biyan kuɗin intanet mai ƙarfi, ɗakin gidansa ne ajin. Ɗalibi kuma a wurare da yawa kuɗin da ake karɓa a hannunsa bai ragu ba don karatun na intanet ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sannan ko kwas ɗin ma ba tabbas: idan ɗalibai ba su yi rajista da yawa ba, ko wani malamin dindindin ya rasa ajinsa aka ba shi wannan, sai a soke ana saura kwanaki a fara, shirin da aka yi ya tafi a banza. A wasu makarantun da ƙungiyar ƙwadago ta yi ƙarfi an cimma biyan ɗan kuɗin sokewa. A wasu kuwa saƙon imel ne kawai.

Wa ke da ajin?

A manyan jami'o'in intanet, malamin wucin gadi ba shi yake tsara kwas ba. Wani kwamiti ne tare da masu zana darussa suke haɗa manhaja da tambayoyi da ma'aunin maki, a miƙa wa malamai da yawa kwafi iri ɗaya. Wannan yana tabbatar da cewa ɗalibai sun samu abu guda, amma yana nufin malami zai iya ganin tambayar da ta tsufa ko ta karkace ya kasa canza ta. Ana naɗar ajin kai tsaye domin waɗanda ba su samu halarta ba, kuma mallakar abin da aka naɗa ya danganta ga yarjejeniyar da aka sa wa hannu, wadda sau da yawa take ba makaranta iko. Malamin da kwantiraginsa ya ƙare a Disamba ba lallai ya san me ake yi da muryarsa a Janairu ba.

Sabunta kwantiragi kuma yakan dogara da takardar ra'ayi da ɗalibai ke cikewa a ƙarshen zango. Malamin da ya tsananta wajen maki ya san abin da zai iya biyo baya. Tun da ChatGPT ya fito a Nuwambar 2022 matsalar ta ƙaru: kama ɗalibin da na'ura ta rubuta wa aiki yana cin lokaci, kafa hujja yana da wuya, rigimar da ke biyo baya kuma ba a biyan kuɗinta. A kwalejojin al'umma na Kaliforniya har ɗaliban bogi aka yi ta samu tun daga 2021, waɗanda 'yan damfara ke yi wa rajista don su kwashe tallafin karatu, kuma malamai na cikin waɗanda aka ɗora wa aikin tantance mutum daga na'ura. A nan ajin kai tsaye ya nuna amfaninsa: wanda aka kira da suna aka ce ya bayyana abin da ya rubuta, minti biyu sun isa a gane ko shi ya rubuta.

Me ke riƙe da su, me suke nema?

Duk da haka aikin yana da masu son sa, kuma suna da dalili. Mai larurar da ke hana shi zirga-zirga, mai jinyar iyaye, matar soja da ake yi wa mijinta canjin wurin aiki duk bayan 'yan shekaru, mazaunin ƙauyen da ba kwaleji kusa, duk sun samu hanyar koyarwa da a da ba su da ita. Awannin da ake ɓatawa a kan titi da kuɗin mai sun huta. Ɗaliban ma manya ne da suka san zafin kuɗin da suka biya. Sannan ɗalibin da ba ya iya ɗaga hannu a bainar jama'a sau da yawa a akwatin saƙo ake jin hikimarsa.

Abin da malaman ke ƙorafi a kai sharuɗɗan aikin ne. A 2013 mutuwar Margaret Mary Vojtko, wadda ta koyar da Faransanci shekara 25 a Jami'ar Duquesne da ke Pittsburgh a matsayin malamar wucin gadi, kuma ta rasu tana da shekara 83 cikin talauci, ta girgiza Amurka. A ranar 25 ga Fabrairun 2015 malaman wucin gadi suka yi gangamin ƙasa baki ɗaya. Sai dai haɗa kan malaman intanet ya fi wuya: suna warwatse a jihohi daban-daban, ba ɗakin malamai da za su haɗu, wani ya shekara biyar bai taɓa ganin abokin aikinsa ba.

Birtaniya ta nuna cewa akwai wata hanyar. Buɗaɗɗiyar Jami'ar ƙasar, wadda aka kafa a 1969, ta daɗe tana dogara da malaman rabin lokaci masu jagorantar ƙananan rukunonin ɗalibai. Bayan doguwar tattaunawa da ƙungiyar malamai ta UCU, a 2022 ta mayar da sama da 4,000 daga cikinsu kan kwantiragin dindindin. Har yanzu rabin lokaci suke aiki, amma albashinsu bai ƙare da ƙarewar kwas ba. A ɗaya ɓangaren, kamfanin 2U, wanda ya sayi dandalin karatun intanet na edX a kan dala miliyan 800 a 2021, ya nemi kariyar kotu saboda bashi a Yulin 2024. Kasuwar tana hawa da sauka, kuma wanda ba shi da takardar dindindin shi ake fara ajiyewa.

Abin da ya shafe mu

Najeriya ta riga ta kama wannan hanya. Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, wadda aka kafa a 1983 zamanin Shagari, aka dakatar a 1984, aka farfaɗo da ita zamanin Obasanjo, tana amfani da malamai masu jagorantar darussa, ciki har da ta bidiyo. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da cibiyar karatu daga nesa, haka wasu jami'o'in. Matasa kusan miliyan biyu ne ke zana jarrabawar JAMB a shekara, da yawansu ba sa samun gurbi, don haka buƙatar za ta ci gaba da ƙaruwa, kuma mafi arhar hanyar cike ta ita ce a ɗauko malami a biya shi kwas-kwas.

Nauyin da malamin Amurka ke kuka da shi, a nan ya ninka. A Afrilun 2024 kuɗin wutar masu layin Band A ya tashi daga kusan naira 68 zuwa 225 a kowane yunit, a Janairun 2025 kuma hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Malamin da zai riƙe aji awa biyu a Kano ko Sakkwato yana buƙatar sola ko janareta, da layi biyu don idan sabis ɗin ɗaya ya ɗauke. Idan alawus bai ƙunshi wannan ba, daga aljihunsa yake koyarwa, kuma ba da jimawa ba zai koma tura takardu ta WhatsApp ya ce a karanta.

Saboda haka akwai abubuwan da ya kamata hukumar NUC da jami'o'i da ƙungiyoyin malamai su rubuta a takarda tun yanzu, kafin tsarin ya yi jijiya: a biya awannin shiri da na maki, ba na aji kaɗai ba, a ware kuɗin data da wuta, a ƙayyade yawan ɗalibai a aji ɗaya, a fayyace wanda ya mallaki laccar da aka naɗa da tsawon lokacin da za a yi amfani da ita, a biya wani abu idan an soke kwas a ƙurarren lokaci, a kuma sa ranar biya. Ɗalibi ma kafin ya biya kuɗin rajista yana da haƙƙin ya tambaya: sau nawa ake haɗuwa kai tsaye, mutum nawa ne a aji, kuma wa zai amsa masa idan ya tura tambaya.